Sunan da Ban Ba Agogon Fanfo Ba

Asabar, da hantsi

Mansura ta bar mini wannan kaye na rubutu da biro. Ta ce tun da an karɓe mini kiran ruwa, in riƙa zuba surutuna a nan kada ya kumbura mini ciki. Ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba. Ɗan ajamin da na tsinta ina yaro shi nake ja. Wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba dama ba da shi nake ba.

Ni ne Zubairu mai kiran ruwa. Tun ana jan guga a tsohuwar rijiya har aka kafa fanfo mai aiki da rana, ni ke tsayawa da sanda in ce gidan wane, ruwa ya zo gare ku. Ba takarda. Na san gidan da ya rabu biyu, na san wanda ya haɗe, na san wanda kakansa ya fi kowa shan ƙasa wajen haƙar rijiyar har zuri'arsa ta ci gaban layi. Bana tari ya riƙe ni tun kaka, murya ta dushe, 'yan komite suka ce a nemi dabara. Mansura jikata ce, ɗiyar ɗiyata Balkisu, tana karatun ordinater, na'urar nan mai ƙwaƙwalwa, a Maraɗi. Ita ta zo da dabarar: wata faffaɗar salula da ta jingine a ɗakin fanfo, da waya da ta hau har kan lasifika a saman tankin ruwa.

Jiya ta zaunar da ni gindin dogon yaro don ta ɗauki muryata.

"Tsoho, faɗe su ɗaya bayan ɗaya, kamar kana bakin fanfo."

"Ke za ki koya mini kira? Amaryar da ko fura ba ta iya damawa ba?"

"Ni dama na fasa auren mai tari. Faɗi."

Na faɗa. Da na zo kan gidan da ke gaban na Dauda, na yi shiru. Ta ɗago kai ta ce saura ɗaya. Na ce ta wuce. Ta ce, "Gidan Kawu ne fa." Na ce na san gidan wa ne, ni na yanka masa rago.

Mutum ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ubana bai kira na yayana ba har ya koma ga Allah. Uwar yaron, Zara'u, ita ma ba ta taɓa kira ba har ta rasu bara. A da abokina Gidaɗo, Bafulatani, shi ke tsayuwa kusa da ni. In an zo wurin sai in nuna A'i matar yaron da sanda, shi kuma ya faɗi sunan. Yanzu Gidaɗo ya kai shanu wajen Hawandawaki. Mansura ta ce za ta bar gurbin fili, in ya dawo a cike. Na ce ta bari.

Lahadi, bayan magariba

Na sha dariya yau har tari ya tashi. Da safe mata sun jeru da bidonsu, jakuna sun jeru, Mansura ta danna abin. Muryata ta fito daga sama ta kira gidan Alhassan sau ɗaya, tun Sufyan bai gama buɗe ƙofa ba. Sufyan shi ne mai tsaron fanfo da komite suka ɗauko daga Mayahi. Daga kiran nan sai tsit. Rana ta ɗaga, tsit. Matar Alhassan ta cika duk abin da ta zo da shi har da butar alwala, ba a kira na bayanta ba.

Yarinyar ta duƙa kan ordinater ɗinta tana gumi. Can ta dafe goshi.

"Ni na yi wauta. Abu uku ne, tsoho. Akwai agogo, shi bai san kowa ba, aikinsa kawai ya riƙa tashi lokaci-lokaci. Akwai mai kira, shi ke buɗe baki. Sai ƙunshin sunaye. Ni kuwa na ba mai kira suna na ce ya yi, ya yi nan take ya gama, abin da na miƙa wa agogo hannu wofi ne."

"Ashe kin sa maroƙi ya gama kirari tun ango bai fito ba."

"Haka. Yanzu na raba su. Na ce wa agogo ga mai kira ka riƙe, ga tazarar da za ka riƙa bari, ga ƙunshi, duk sa'ad da ka tashi ka miƙa masa ya ɗauki suna na gaba."

"Shi agogon yana leƙa cikin ƙunshin?"

"Ba ya leƙawa. Wanda aka danƙa masa ranar da aka tada shi, shi zai yi ta miƙawa."

"Ko an yi mutuwa a gidan?"

"Ko an yi. Sai an tsayar da shi an sake tada shi da sabon ƙunshi."

Na ce to wannan ba agogo ba ne, jakin Gajere ne, hanya ɗaya ya sani. Ta ce ita ma ta san wani tsoho mai irin halin. Ban tambaye ta ko wane ne ba.

Bayan la'asar gurbin ya zo. Muryata ta ce, "Ruwa ya zo gidan," sai shiru. Ina zaune, na ɗaga sanda na nuna A'i, ta matso da jakinta. 

Litinin, da safe

Mansura ta bi motar Maraɗi, jarrabawa na jiran ta. Ta manta ɗan kunnenta ɗaya a kan tabarmata.

Laraba, azahar

Zazzaɓi. Ina kwance ina jin kaina ina aiki a bakin fanfo. Muryar ba ta tari, ba ta gajiya, ba ta tsayawa gaisuwa. Ƙanwata, wadda duk gari ke ce wa Gwaggo, ta kawo kunu ta ce mata suna yaba abin, wai yanzu ba a jiran tsoho ya gama labarin fari na shekarun baya kafin ya kira gida na gaba.

Shi ɗin, ɗan nawa, bai leƙo ba. Gidansa da nawa zaure ɗaya ya raba.

Juma'a, da hantsi

Gwaggo ta zauna ta yi ta jujjuya ludayi kafin ta faɗa. Tun ranar da na kwanta A'i ba ta samu layinta ba. In shirun ya zo sai ta matso, Sufyan ya ce, "Gidan wa?" Shi baƙo ne, kuma komite sun ce masa kada ya buɗe wa kowa sai wanda lasifika ya ambata. Ta ce, "Namu ne." Ya ce, "Na wa ke nan, Hajiya?" Sai ta sunkuyar da kai. Yaya mace za ta faɗi sunan mijinta a gaban jama'a? Kafin a yi haka 'ya'yan Dauda sun turo amalankensu, sun haɗa lokacin biyu sun cinye. Dama tsakanin gidan nan biyu akwai maganar iyakar gona. Ita sai dab da magariba take samun ragowa, lokacin da rana ta faɗi fanfo na ɗiga kamar hawaye.

"Ka tashi ka je ka nuna ta da sandarka mana," in ji Gwaggo.

"Komite sun ce in huta. Na huta."

"Yaya, ba komite kake wa ba."

Na ce ta ɗauki kwanonta.

Juma'a, bayan masallaci

Ya zo. Ya tsaya bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya yi furfura a gemu, ban lura ba sai yau.

"Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Dashen mangwaron nan suna ta bushewa."

"Bazara ce."

Ya tsaya kaɗan, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tafi.

Ai bazarar ce. Ban yi ƙarya ba.

Lahadi, la'asar

Dashen nan shi da uwarsa suka fara shi. Ita ke tara ƙwallon mangwaro daga kasuwar Tasawa tana binnewa a tsofaffin gwangwanaye, shi ya kewaye fili bayan gari da ƙaya ya dasa. Ga bijimai biyu da yake kiwo. Duk ruwan layin nan suke sha.

Akwai maganar da ta shiga tsakaninmu ranar addu'ar bakwai ɗin Zara'u. Ba zan rubuta ta ba. Takarda ba ta da hurumi a ciki. Tun daga ranar dai gaisuwa ce kawai, ita ma gajera.

Na ji shirun yau daga nan inda nake. Ashe daga cikin gida ya fi tsawo.

Talata, da safe

Mansura ta kira ta salular Gwaggo, labari ya kai mata. Ta ce tun shekaran jiya ta gyara daga can, ta cike gurbin da muryarta. Gwaggo ta ce mu dai shiru muke ji. Yarinyar ta ja tsaki ta ce, "Agogon ne. Har yanzu tsohon ƙunshi ne a hannunsa, bai san na yi sabo ba. A ba Sufyan salula in nuna masa yadda zai tsayar ya sake tadawa."

Na ce a ba ni ita tukuna. Na ce, "Wa ya sa ki?"

"Tsoho, itatuwan Kawu na mutuwa."

Rezon salula ya yanke. Ko ita ta yanke, ban sani ba.

Talata, bayan magariba

An yi abin da bai kamata ba. Ashe ta samu Sufyan ta salularsa, ya tsayar ya sake tadawa.

Bayan la'asar muryata ta ce, "Ruwa ya zo gidan," sai muryar yarinya siririya ta ƙarasa. Sunan kawunta, tsirara, ko Malam babu, ya bi saman gari har bakin gonaki. 'Ya'yan Dauda suka kwashe da dariya, ƙaramin ya ce yau gidan da mace ke kira ya samu shiga. A'i ta ja jaki za ta matsa. Ashe shi yana nan. Ya riƙe igiyar ya ce wa Sufyan, "Rufe. Ba bara na zo ba." Suka koma da bido wofi.

Na tashi da zazzaɓina na je. Na sa Sufyan ya kira Mansura ta cire muryar, ya tsayar, ya sake tadawa a kan idona. Sannan na ce masa daga yau ya kulle ɗakin nan, wanda ya sake taɓa abin nan ba da izinina ba, daga bakina zuwa kunnensa, ban yafe ba. Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Sufyan ya ce, "Na ji, Baba." Mutum ne mai riƙon magana. Na yaba masa a raina.

Alhamis, la'asar

Shiru.

Asabar, da hantsi

Gidaɗo ya dawo, ya rame kamar shanunsa. Ko takalmi bai cire ba ya fara.

"Kaɗo, daga juya bayana sai ka rushe gari?"

"Gari na nan. Kai ne ka tafi yawon banza ka bar aikinka."

"Aikina? Shekara nawa ina ɗaukar maka suna ɗaya kamar mai dakon tulu, ko goro ba ka taɓa ba ni a kai ba."

Ya ce a kawo abin ya faɗa a ciki, a huta. Na ce wannan na yarda, dama haka aka shirya. Ya ce bari ya fara jin ta bakin mai gidan. Ya tafi, ya daɗe. Da ya dawo ba ya wasa.

"Ya ce in gode maka. Ya ce a da in ni na faɗa, sandarka ce ta nuna, kowa ya san kai ka ba shi ruwa. Yanzu ina sandar? Ya ce duk gidajen gari ka faɗa da bakinka, har na wanda ya sauka shekaran jiya, har na Dauda. Shi kaɗai ne kullum sai an yi masa aron baki."

"Ya san al'ada."

"Ya sani. Ya ce da bai damu ba, don ya ɗauka kunya ce. Tun ranar bakwai ɗin nan ne ya daina sanin ko kunya ce ko wani abu."

Na ce masa shayin ya huce.

"Zubairu, mu muka fi ku kunyar ɗan fari. Ni nawa ko kallonsa ba na yi in da mutane. Amma ranar da saniya ta zame a bakin rijiya, na kira shi, kuma duk daji ya ji. Ban mutu ba. Ga ni."

Na ce Bafulatani dama saboda saniya ba abin da ba ya yi. Bai yi dariya ba.

Litinin, bayan azahar

Na bi ta bayan gari wai zan duba rumbu. Rumbuna ba ta nan yake ba. Dashen sun zama tsinke, ganye ya murɗe ya yi ja. Ɗaya ne a kusurwa, wanda inuwar aduwa ke rufewa, yake da sauran kore. Gwangwanayen Zara'u suna nan jere a gindin shinge, sun yi tsatsa.

Da ta ga wannan da ta ce mini wani abu. Ko ba za ta ce ba, za ta ajiye mini tuwo ta juya baya. Wannan ya fi.

Laraba, da safe

An fita da bijiman. Ban tambayi wanda ya saya ba.

Laraba, bayan magariba

A'i ta zo, ta durƙusa nesa da tabarma kamar yadda ta saba. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa fara yi mini magana ba sai yau.

"Baba, mai gidan ya ce ranar kasuwar Kanan-Bakashe zai bi mota. Arewa, wajen masu haƙar zinariya."

"Da girmansa?"

"Haka ya ce."

"Ke fa?"

"Ya ce in zauna da yara."

Ta jira. Na san abin da take jira. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ta ce amin a hankali, ta tashi.

Waɗanda suka tafi can daga garin nan na san su duka, na san iyayensu. Na san waɗanda suka dawo. Na san kuma waɗanda har yau nake kiran gidajensu da sunansu don ban ga gawa ba.

Alhamis, asuba

Allah ya kiyaye hanya. Abin da na samu na faɗa ke nan.

Asabar, bayan azahar

Mansura ta sauka jiya da yamma ba sanarwa. Ba ta ce mini angona ba, ba ta ce mai tari ba. Ta gaishe ni kamar limami. Yau da hantsi ta ajiye salularta a gabana ta nuna mini jan ɗigon da ake dannawa.

"Ni ba zan ce maka komi ba, Kaka. Zan je gidan Kawu in dawo."

Na ɗauka na zagaya bayan rumbu, inda ba kowa sai kaji. Na danna na yi shiru. Na sake dannawa na yi tari. Na kira Alhassan, na kira Gajere, don in ji ko muryar na nan. Tana nan. Na tuna ranar da liman ya raɗa shi a kunnen jariri, ni kuma na fita waje kamar ban ji ba, samari na yi mini tsiya. Tun ranar yake bakina, bai taɓa fita ba, bai kuma taɓa barin wurin ba.

Na faɗa. Sau ɗaya. Ya fito da kaushi. Kaza ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da ta dawo ta saurara ta kunne ɗaya, ta juya mini baya ta daɗe tana gyara ɗankwali. Ta buɗe ordinater ta sa shi cikin ƙunshin. Ta je wajen Sufyan ta dawo, ga mai mota na ta yi mata oda a bakin hanya.

"Ya hana ni makulli. Ya ce sai daga bakinka zuwa kunnensa. Tsoho, ka ji ni da kyau. Sunan ya shiga sabon ƙunshi, amma agogo tsohon ne a hannunsa. Ka je ka ce masa ya tsayar ya sake tadawa. In ba haka ba kamar ba ka faɗa ba ne."

Na ce na ji. Na ba ta ɗan kunnenta.

Asabar, bayan magariba

Ban je ba. Abin da na faɗa na faɗa, yana ciki, da idona na ga ta sa shi. Abu yana cikin abu a ce bai sani ba? Kuma in je in tsaya gaban baƙo, a wurin da na ɗaga murya kowa ya ji, in lashe maganata? Yara suna son tsawaita abu. Gobe ma rana ce. Jibi ne kasuwa.

Gwaggo ta gaya wa A'i na faɗi sunan. Ban sa ta ba.

Lahadi, bayan magariba

Zan rubuta yadda aka yi, daga nan ba zan sake ba.

Na fita tun azahar na zauna gindin dogon yaro. Sufyan na zaune a ƙofar ɗakin fanfo, makulli a wuyansa. Ya gaishe ni na amsa. Sau biyu na kama sanda zan tashi, sai in ga mutane sun ƙaru. Labari ya zaga gari, har waɗanda layinsu ya wuce tun safe sun dawo.

Bayan la'asar sai ga shi. Ya sa farar rigar da ya yi sallar idi da ita. Ya zauna a bakin kwamin da dabbobi ke sha, bai dubi inda nake ba. A'i na bayansa da jaki. Gidaɗo ya zo ya tsaya kusa da ni, inda ya saba tsayawa.

Aka kira gidan Usman, suka ɗiba, suka gama. Agogo ya tashi. Muryata ta ce, "Ruwa ya zo gidan."

Shirun nan ba shi da tsawo. Amma mutum zai iya faɗin suna a cikinsa ya maimaita, har ya ƙara da na uba. Gidaɗo ya taka mini ƙafa. Bakina na nan. Jiya-jiyan nan ya faɗa a gaban kaji. Sanda na hannuna.

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Ya zo ya ba Gidaɗo hannu. Ya ɗan rusuna ta wajena ya ce, "Baba, a yafe mu." Ya wuce. 'Ya'yan Dauda ma yau ba su turo amalanke ba, fanfo ya zauna a rufe har aka kira su.

Litinin, da safe

Motar ta tashi bayan asuba. Na ji ta.

Litinin, azahar

Na je wajen Sufyan. Ba kowa sai wata akuya. Na ce ya buɗe, ya tsayar, ya sake tadawa. Ya danna nan, ya danna can, ya ce an gama.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba. Jiya ina ta kallon ka ko za ka ɗaga mini hannu."

Ko kurɓin ruwa ya fi shi daɗewa.

Litinin, bayan magariba

Sunan ya fito. Da kaushinsa, da ɗan tarin da ya biyo baya, ba ta goge ba. Ya bi saman gari har bakin gonaki. A'i ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba wanda ya yi dariya. Matar Alhassan ce ta kama mata bido suka cika.

Alhamis, la'asar

Ya sake fitowa. Kullum zai fito, lokacinsa ba ya kuskure. Jakin Gajere.

Asabar, da hantsi

Mansura ta kira tana kuka, wai laifinta ne, da ta tsaya ta kwana. Na ce amarya ba ta kuka a gaban miji, ta je ta ci jarrabawarta. Ta ce 'yan komite sun tambaya ko a canza kiran ya koma gidan A'i tun da mai gidan ba ya nan, abu ne mai sauƙi, a sake ƙunshi a sake tada agogo. Na ce ta gaya musu makulli na wuyan Sufyan, maganar kuma tana bakina. Ba za a taɓa ba.

Gwaggo ta ɗauki kiran da salularta ta aika masa can. Ta ce akwai wata alama da ke nuna an saurara, kuma ta nuna. Ta ce ta ga alamar yana ɗaukar murya zai aiko, sai ta ɓace. Bai aiko ba.

Talata, da safe

Hadari ya haɗu ta gabas ya watse. Gidaɗo ya ce saura kaɗan. A'i na fama da ƙaramin yaron, zawo, ba ta fita.

Talata, bayan magariba

Na ɗaura wa jakinsu bido na bi layi a bayan gidan Usman. Matan suka yi ta matsa mini in wuce gaba, na ce kowa da lokacinsa, ni na tsara. Gidaɗo na kan kwami yana cewa a zo a ga Kaɗo ya tsufa ya koma ɗan aike. Na ce ya rufe baki kada in rasa kirana.

Gidan Usman suka gama. Agogo ya tashi. Daga sama na ji kaina na ce, "Ruwa ya zo gidan Isma'ila."

Ga shi na rubuta. Hannuna bai karye ba.

Sufyan ya riƙe kan fanfo yana duban layi, yana jiran mai amsawa kamar yadda komite suka ce. Na ce, "Na'am." Na ja jakin na matsa.

Bido ɗaya na kai wa A'i. Ɗayan na kai gindin mangwaron da ke inuwar aduwa, na zuba a hankali don kada ya gudu. Ƙasar ta shanye kafin in miƙe.